Tsagar da Ta Karkace a Kuncin Inna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, muka kai shi makwancinsa bayan azahar, kafin la'asar kuma ƙofar gidanmu a nan Gure ta cika har ana shimfiɗa tabarmi a gindin katangar maƙwabta. Na san za a zo, amma ban zaci za a zo haka ba. Wanzamai suka taso daga Bune da Gidigir, kowa da zabirarsa a kafaɗa kamar an kira su aikin suna. Makiyaya daga wajen Alakos suka ɗaure raƙuma bayan masallaci, ɗayansu ya zame rawani ya nuna mana tabon ƙaho a ƙeyarsa, ya ce ya daɗe yana fama da ciwon kai sai da marigayin ya sa masa hannu. Wani dattijo ya ce Kawu ne ya yi masa askin angonci, ya yi wa ɗansa kaciya, ya yi wa jikansa askin suna, yanzu bai san wa zai miƙa wa kansa ba. Aka ɗan yi dariya, aka share hawaye.

A can ƙarshen tabarma akwai mutum uku da ba sa shafa fatiha tare da mu. Ibo ne, masu sayar da kayan gyaran moto, wato babur, a bakin tasha. Sun rufe shagunansu da rana tsaka, sun zo sun zauna shiru, hannaye bisa gwiwa. Na ji wani yana raɗa wa na kusa da shi, "Su kuma waɗannan, me ya haɗa su da tsohon wanzami?"

Da yamma wani tsohon wanzami daga Gidigir, tsaran Kawu, wanda suka koyi riƙon aska tare suna samari, ya ce in shigar da shi ya yi wa mata gaisuwa. Na riƙe masa hannu har tsakar gida. Ya tsuguna gaban Inna, mahaifiyata, ƙanwar marigayin, ya yi mata Allah ya jiƙan rai, sannan ya ƙura mata ido. Wanzami ba ya kallon fuska irin kallonmu. Mu mutum muke gani, shi aiki yake dubawa. Inna tana da tsagar gidansu, layi uku a kowane kunci.

"Wannan hannunsa ne," in ji tsohon. "Ko ina na gan shi na san shi. Amma ɗiyata, ba ranar suna aka yi miki ita ba. Ta ranar suna tana girma tare da fuska, ta baje. Taki siririya ce. Ga kuma ta hagu ta karkace. Mutum irin wannan, yaya aka yi hannunsa ya goce?"

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ni kuwa na ce wa tsohon ana jiransa a waje, na janye shi. Na san amsar tambayarsa, amma ban daɗe da saninta ba, wata huɗu ne kacal. Da izinin Inna nake rubuta ta, don kada a ce an binne ta tare da shi.

An san wanzamai da surutu. Kana ƙarƙashin askarsu za ka ji wa ya saki matarsa, wa ya sayar da gona. Kawu ba haka yake ba. Zai zaunar da kai, ya jiƙa maka kai, ya wasa aska a jikin fata, daga nan ba za ka ji komai ba sai ƙarar askar da numfashinsa. In ka cika motsi ya ce, "Kunnen naka ne, ba nawa ba." In ya gama ya bugi ƙeyarka da yatsu biyu ya ce, "Tashi, ka zama mutum." Yaro da babba duk ɗaya ne a wurinsa, har manyan jandarmomi sun sha wannan bugun ƙeya, sun tashi suna godiya.

Abu ɗaya ne ba ya yi, shi ne tsaga. Aski, ƙaho, kaciya, cire beli, duk hannunsa ya iya. Amma in aka kira shi suna aka ce a yi wa jariri tsagar gida, sai ya naɗe zabira ya ce a kira wani. Ba irin yanzu ba ne da likita da rediyo suka sa mutane suka daina. A wancan lokacin ɗan da ba shi da tsaga ana masa kallon marar asali. Manyan gidaje suka bar shi. 'Yan uwansa wanzamai suka kai ƙara wurin sarkin aska, wai yana zubar musu da sana'a. An ba ni labari sarkin aska ya yi ta faɗa, Kawu na zaune yana kallon ƙasa. Da aka ce ya yi magana sai ya ce, "Ranka ya daɗe, na riga na yi tawa ta ƙarshe." Aka ce wa ka yi wa? Ya tashi ya sa takalminsa. Sai da aka shekara biyu ba a kira shi taron wanzamai ba, bai kuma je ya ba da haƙuri ba.

Mu 'ya'yan Inna, mu bakwai, ba mai ko ɗigo a fuska. Dangin babanmu sun yi ta ƙorafi, Kawu ya ce duk wanda ya kawo aska kusa da 'ya'yan Auta, shi da shi ne. Auta yake kiranta, ita kuma Yaya. Abin da muka tashi muka ji shi ne, kakanmu ya tafi ci-rani wani garin jirgin ƙasa a arewacin Najeriya, ya zauna, ya yi aure can, ya rasu can. Kawu da ya bi shi yana saurayi ya dawo da 'yar yarinya, ya ce ƙanwarsa ce, uwarta ma ta rasu. Iya, mahaifiyar Kawu, ta karɓe ta ta goya. Shi ya tsaya mata waliyyi ranar aurenta. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci gidanmu yake cin abinci, da ƙullin dabinon kwari a aljihu, ita kuma ta yi ta masa faɗa a kan goro, yana cewa, "To, Auta, na ji," yana ɓara wani. Ƙawayenta kan tsokane ta a kan tsagar hagu, su ce wanzaminta gyangyaɗi yake yi. Ta yi dariya ta ce su bar ta da kayanta.

Ni kuma Allah ya jarabce ni da son tarihin yaƙin basasar Najeriya. Malamin tarihi ne ni a kwaleji, kuma littafin da muke koyarwa bai tsaya a kan yaƙin sosai ba, amma in na fara sai ƙararrawa ta raba ni da yara. Abin da ke ci mini rai shi ne, ga iyaka nan kusa da mu, kakanninmu can suke ci-rani, wasu har soja suka shiga, amma an yi shiru kamar a wata duniya aka yi abin. Na bi tsofaffi da wayar salula ina naɗar muryarsu. Na sami wanda ya kai shanu kudu ya dawo ba ko ɗaya, na sami wanda ya yi wa sojoji girki. Duk wanda na je wa sai ya ce, "Ka bar kawunka a gida ka zo wurina? Ai shi yana can lokacin da aka fara kashe-kashen, tun kafin yaƙin."

Na tambaye shi ya fi a ƙirga. Kullum sai ya ce, "Mushe, ni aski na je yi." Mushe yake ce mini, yadda 'yan lakwal, wato ɗalibaina, suke kiran malaminsu, kuma in ya faɗa za ka ji tsokanar a ciki. Wata ranar kasuwa na yi dabara, a ganina. Na zauna aski, na kunna salula na ɓoye a aljihun gaba, na bari sai da ya kai tsakiyar kaina sannan na ce, "Kawu, da aka fara tare motoci a hanya, ta ina kuka bi kuka fito?" Askar ta tsaya. Ya sa hannu a aljihuna ya zaro salular, ya ɗora mini a cinya, ya goge aska ya mayar zabira.

"Tashi," ya ce.

"Kawu, ai ba a gama ba."

"Na gama."

Ban kawo hula ba. Haka na ratsa kasuwar Gure, rabin kai fes, rabi gashi, ɗalibaina suna bina da ido suna danne dariya. Na yi fushi ƙwarai, na yi wata guda ban gaishe shi ba sai daga nesa. Da na kai ƙara wurin Inna, ta dube ni ta ce, "Ya yi maka da sauƙi. Ka bar Yaya ya huta."

Ban bar shi ba, sai dai na koma kallo. A nan na lura da abin da ya daɗe a gabana ban gani ba. Duk Ibon da ya sauka garin nan da kayan sana'a, Kawu ne farkon mai zuwa yi masa sannu da zuwa. Ya nuna masa inda ake samun ruwa mai kyau, ya haɗa shi da mai ɗakin haya, ranar sallah ya aika masa da nama. In ya ji yaro ya kira su da sunan reni sai ya daka masa tsawa. Kuma kowane ɗaya sai ya tambaye shi, "Kai, wane gari ne naku?" In an faɗa ya gyaɗa kai ya ce madalla, ya tafi. Na ɗauka halin kirki ne kawai na mutumin da ya san zafin baƙunta.

Bana da zafi ya shigo ciwo ya kwantar da shi. An kai shi gidan likita, an dawo da shi, ƙafafu sun kumbura, aska ta gagare shi riƙewa. Wata rana bayan la'asar ya aika a kira ni. Na same shi a zaure, zabira a gefensa.

"Mushe, ina salular taka?"

Na ciro ta da sauri.

"Kashe ta. Kunnenka nake so."

Ya ce rumfar da yake aski a wancan garin tana jikin shagon wani kafinta Ibo. Mutumin ya yi masa benci, shi kuma yana masa aski. Matar kafintan ta tafi garinsu haihuwa, ta bar shi da 'yarsu mai shekara huɗu, wadda ke wuni tana wasa da ɓawon katako tsakanin shagon da rumfar. Kakanmu bai daɗe da rasuwa ba, kuma bai taɓa aure a can ba.

"Ranar da gari ya rikice," in ji Kawu, "da rana tsaka ne. Kafintan ya miƙo mini ita ta bisa katanga, ya ce in riƙe ta, za shi tashar jirgi ya ga ko akwai wuri. Na ɓoye ta a ɗakina kwana uku. Bai dawo ba. Abin da na gani a hanyar tashar nan ba zan faɗa maka ba, kada ka tambaye ni. Masu aikata shi mutanenmu ne, Mushe. Masu salla irin tamu. Wasu ni nake musu aski."

Ya ce ya sami kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa arewa, amma an gaya masa ana tare motoci, ana sauke mutane, ana duba fuska. Yarinyar ta iya Hausa, amma fuskarta wayam. Ba shi da takarda, ba shi da kowa, aska kawai yake da ita. Ya aske mata kai, ya zaunar da ita tsakanin gwiwoyinsa, ya yi mata tsagar gidansu, ya shafa baƙin tukunya.

"Jariri bai san me ake masa ba," ya ce. "Ita ta sani. Tana kallona."

A shingen farko wanda ya leƙo motar mutumin da ya sani ne, ya san ba shi da ƙanwa. Ya dubi ɗanyen jinin, ya dubi Kawu, ya ce me ya sa sai yanzu? Kawu ya ce uwarta ce ta hana, yanzu ta mutu. Mutumin ya daɗe yana kallonsu, sannan ya bugi jikin motar ya ce a wuce. Da suka iso Gure, Iya ta dubi yarinyar sau ɗaya, ta ce a kawo ruwan ɗumi, ba ta tambaye shi komai ba.

Shekara da shekaru ina bin tsofaffi da salula ina neman yaƙin nan, ashe kullum da safe shi nake gaisarwa.

Ya ce bayan an gama yaƙi ya koma garin sau biyu, ya tarar da wasu a shagon. Sunan garin su kafintan yana bakinsa, shi ya sa yake tambayar baƙi. Sannan ya ce, "In gaskiya kake so, ban nema da ƙarfi ba. Da na so, da na shiga mota na je har can. Tsoro na ji kada in same su su karɓe ta. Wataƙila uwarta ta mutu tana duban hanya."

Na ce ko batun waliccin auren ne ke damunsa. Ya ce a'a, ya daɗe da tambayar wani malami a asirce, an ce masa wanda ya riƙe marainiya ya raine ta yana iya tsaya mata. "Ba wannan ba ne. Tun tana 'yar mitsitsiya take ce mini Yaya. In ta ji, me za ta ce mini? Ka bari sai an binne ni ka gaya mata."

Ina da taurin kai, a wurinsa na gado, ko da yake yanzu na san ba ta jini ba ne. Na ce, "Kawu, kai ka riƙe askar, kai za ka faɗa. Ni ba zan kai mata wannan kana ƙarƙashin ƙasa ba, ta rasa wanda za ta tambaya." Ya harare ni ya ce in fita.

Aka yi mako uku. Kullum da hantsi Inna takan kawo masa kunun tsamiya, ta zauna ta yi masa fifita, ta ce Yaya ka sha, Yaya ka gyara kwanciya. Ina ganinsa yana buɗe baki yana rufewa. Jikin kuma kullum ƙara sauka yake. Na fara jin tsoron na yi kuskure, kada ya tafi da maganar a cikinsa saboda bakina. Ban taɓa yin addu'ar Allah ya ƙara wa wani kwana kamar yadda na yi a makonnin nan ba.

Wata Alhamis na zo na tarar tana zuba kunun a kofi. Na juya zan fita ya ce in zauna.

"Auta, ajiye ludayin nan. Akwai ƙaryar da na yi, na zauna da ita kusan shekara sittin."

Ya faɗa mata duka, yana tsayawa yana numfashi. Bai ɓoye ko batun rashin neman ba. Idonsa na bisa rufin zaure, ya kasa kallonta. Da ya gama, Inna ta ajiye kofin.

"Shekarata huɗu fa," ta ce. "Ba jaririya ba ce ni. Ina tuna ƙamshin katako. Ina tuna wani mutum ya ɗaga ni bisa katanga. Ina tuna askar. Ka fi ni kuka ranar."

Kawu ya juyo da kai. "Kin sani?"

"Kai ne ka ɗauka na manta. Iya ta ce mini, wannan ya ɗauko kaya mai nauyi, kada ki ƙara masa. Sai na yi shiru."

"Batun uwarki fa? Ban je ba, Auta. Da gangan ban je ba."

Nan fuskarta ta canja. Ta sunkuyar da kai, hawaye suna bin tsagar suna sauka.

"Wannan kam ban sani ba," ta ce. "Wannan ka yi mini laifi, Yaya."

Na ga lokacin da kalmar ta shiga kunnensa. Ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi. Ta share fuska da bakin mayafi, ta ɗauki kofin ta ce, "Na yafe. Tashi ka sha, ya huce." Ya sha har ƙasa, abin da ya yi makonni bai yi ba. Kafin ta tafi ya faɗa mata sunan da ubanta yake kiranta da shi da sunan garinsu. Ba zan rubuta su a nan ba, nata ne. Ta dai ba ni izini in kai wa mutanen nan uku na bakin tasha sunan garin, babbansu ya ce ya san hanyar, zai tambaya in ya je gida. Ko za a sami wani da rai, Allah kaɗai ya sani.

Ya ƙara wata uku da 'yan kwanaki bayan haka. Ban naɗi muryarsa ko sau ɗaya ba, kuma ban yi nadama ba. Ina kewarsa. Ranar Juma'ar da ta wuce na kai kaina wurin wani wanzami, ya gama ya ce saura na gaba, na tashi ina jiran a bugi ƙeyata. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya ji tsoro a kansa, ya saka masa da abin da hannunsa ya tsare, ya sa ya huta.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha, Inna ta aiko a ce mini in shigo mata da tsohon wanzamin nan na Gidigir. Na kawo shi. Tsakar gida cike take da mata, dangin babanmu da maƙwabta da ƙawayenta masu tsokanarta. Ta yaye mayafin daga fuskarta gaba ɗaya.

"Baba, shekaranjiya ka yi mini tambaya ban amsa ba. Gaskiyarka, ba ranar suna aka yi ta ba. Ina da shekara huɗu, a Najeriya, ana kashe mutanen gidanmu. Ba uwa ɗaya muke da shi ba, ba uba ɗaya ba."

Wata ta ce la'ilaha illallahu. Inna ta ɗora yatsa bisa kuncinta na hagu, ta bi layin nan da ya karkace tun daga sama har ƙasa.

"Hannunsa bai goce ba. Kuka yake yi, ba ya gani," ta ce. "Ku yi wa Yayana addu'a."